Rage ƙiba ba aikin mutum ɗaya ba ne: shawara ga mutanen Barmu da Tawa

Idan ɗan bida ya dawo Barmu daga Abijan ko Libiya, wuya ya cika, tumbi ya ɗaga riga, gaisuwar da zai sha ita ce: "Kai, wane, tafiya ta karɓe ka!" Idan amarya ta shekara a ɗakinta ba ta yi jiki ba, danginta su fara tambayar ko ana ba ta abinci. A Adar, ƙasar da ta ga farin 1973 da na 1984 da ƙarancin cimaka na 2005, ba abin mamaki ba ne a ɗauki ƙiba alamar rufin asiri. Sai dai ƙibar da ta wuce kima tana jawo hawan jini, ciwon sukari, ciwon gwiwa da na baya, kuma ita ce kan share hanyar shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, kuma matsalar tana ƙaruwa a garuruwan Afirka.

Dalili a bayyane yake. Iyayenmu sun yi noma a kan fako da duwatsu, sun je kasuwa a ƙasa, iyayenmu mata sun yi daka sun ja ruwa a rijiya mai zurfi. Yau akwai babur da kabu-kabu, injin niƙa da famfo, ga zaman shago da na ofis tun safe har magariba. Waɗannan sauƙi ne da ya kamata a gode wa Allah a kansu, musamman ga mata. Amma a lokacin da gumi ya ragu, shinkafa da taliya da mai da lemun kwalba da shayi mai zaƙi sun ƙaru. Abin da jiki bai ƙona ba, ajiye shi yake yi.

Mutane da yawa sun gane haka, sun yi niyya, sun daina cin dare mako biyu, sannan suka koma gidan jiya. Ba raunin zuciya ba ne ya kayar da su. A wurinmu ba a cin abinci a ware: tire ɗaya ne, buta ɗaya ce ta shayi, mai dafawa daban, mai ba da kuɗin cefane daban. Wanda ya ce zai canza cinsa shi kaɗai, da gidansa da fadarsa duka yake kokawa. Don haka shawarata biyu ce a haɗe: a sa buri ƙarami wanda za a iya aunawa, kuma a ɗaura shi a kan jama'ar da ake tare da ita.

Fara da awo

Ba kowa ne ke buƙatar ragewa ba. Matar da ke daka da ɗaukar itace, da manomin da ke wuni a gona, yawanci ƙarin abinci mai gina jiki suke buƙata. Kafin komai, a auna.

Awo mafi sauƙi ba ya buƙatar ko dala. Samo zare ko igiya, ka tsaya ba takalmi, wani ya auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ya yanke. Ninka igiyar biyu, ka zagaya ta a cikinka, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya. Kada ka shanye ciki, ka saki numfashi yadda ka saba. Idan bakin igiyar biyu sun haɗu, ƙugunka bai wuce rabin tsawonka ba, kana kan daidai. Idan sun ƙi haɗuwa, kitse ya taru a ciki, kuma kitsen ciki shi ne mafi haɗari ga zuciya da hanta. Mai son lamba ya ari awon tela: haɗari na fara ƙaruwa daga santimita 94 ga namiji, 80 ga mace.

Awo na biyu a asibiti ake yi. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mai tsawon mita 1.70 da kilo 85, lissafinsa 85 a raba da 2.89, ya ba da 29.4. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce sosai, ƙasa da 18.5 kuma rama ce. Tun da an je, a nemi awon jini da na sukari. Jinin da ke kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya, ko sukarin safe kafin karin kumallo da ya kai giram 1.26 a lita, magana ce ta likita, ba ta rage tuwo kaɗai ba.

Buri daidai ƙarfi

"Ina son in rame" ba buri ba ne, fata ne. Buri shi ne wanda ke da adadi da lokaci. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya sassauta hawan jini da sukari. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya sa wa masu haɗarin ciwon sukari burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 a cikinsu. Ga mai kilo 85, kashi 7 kilo 6 ne kacal. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau. Wanda ya zubar da kilo 5 a kwana goma, yawanci ruwa da tsoka ya zubar, kuma za su dawo da riba.

Amma kilo ba a hannunka yake kai tsaye ba. Abin da ke hannunka shi ne aiki. Saboda haka a ƙarƙashin babban burin na wata shida, rubuta ƙanana biyu ko uku na mako: "Zan yi tafiyar minti 30 bayan Asuba, kwana biyar." "Lemun kwalba sai ranar Juma'a." "Malmala ɗaya da rabi maimakon biyu." Idan ɗaya ya zama jiki, a ƙara wani.

Abin da za a taɓa a kwano

Ba sai an sayi abincin Turawa ba. Hatsi da dawa da wake da zogale sun fi farar shinkafa da taliya riƙe ciki. Kopto da dambun zogale abinci ne da duk masani zai yaba, muddin ba a tsiyaya musu mai ba. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne rabin abin da za ka ci ya zama ganye da kayan lambu, kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama. A tire na tarayya, fara da ganyen, ci a hankali, ka tsame hannu tun kana da sauran wuri. Hadisin da ya koyar da raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, ya riga likitoci faɗar wannan.

Abubuwa uku ne ke shiga ba a lura ba. Na farko sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kusan giram 50 a yini ga babba, wato ƙaramin cokali 12, rabin haka ma ya fi. Kwalbar lemu guda tana iya ɗauke da cokali 8 ko 9, ga na fura da koko, ga shayi na farko da na biyu da na uku. Na biyu mai: a riƙa auna shi da cokali, a daina tuttulawa daga bakin kwalba. Na uku gishiri: kada ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano ba tare da sun tayar da jini ba.

Motsa jiki a ƙasar rana

Ƙa'idar ita ce minti 150 zuwa 300 a mako, da saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. A ƙara da kwana biyu na ƙarfafa tsoka: tashi da zama daga kujera sau goma, tura bango da hannu biyu, ɗaga galan mai ruwa. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, lokacin tafiya bayan Asuba ne ko gab da magariba, da gorar ruwa a hannu. Da hunturu, mai asma ya rufe hanci ko ya jira ƙura ta lafa. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10. Zuwa masallaci da kasuwa da gaisuwar dangi a ƙasa duk suna cikin lissafi. Matar da fita ke yi mata wuya tana iya zagaya tsakar gida tare da abokiyar zama ko maƙwabciya.

Jama'a ita ce jarin

Nan ne ƙarfinmu yake. A 1999 masu bincike biyu a Amurka, Rena Wing da Robert Jeffery, sun gwada masu rage nauyi su kaɗai da waɗanda suka zo da abokai aka kuma ƙarfafa musu taimakon juna. Bayan wata 10, kashi 66 cikin 100 na masu abokai sun riƙe abin da suka rage, na masu zuwa su kaɗai kuwa kashi 24 ne. Su can sai da aka haɗa musu ƙungiya. Mu tamu tana nan tun tuni: fada, adashi, sahun Asuba, makarantar Islamiyya ta mata, ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a Maradi a 1991. Kuma a Tawa aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a 1975. Mutanen da suka san yadda gari ke tsaya wa ɗan kokowarsa sun san yadda ake tsaya wa juna.

Ga yadda za a tsara. Ku haɗu mutum huɗu zuwa takwas, maza daban mata daban idan hakan ya fi sauƙi. Ku zaɓi mai riƙe littafi, kamar yadda ake da uwar adashi. Ku tsayar da wurin haɗuwa da lokaci, wanda bai fito ba a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ku yi karo-karo ku sayi sikeli guda da na'urar awon jini, a riƙa awo rana ɗaya a mako, da safe, a kan sikeli ɗaya. Abin da za a karanta a gaban kowa shi ne aikin da aka yi: kwana nawa aka fito, kwalba nawa aka bari. Nauyin mutum kuwa sirrinsa ne, tsakaninsa da mai littafi. Ba'a haramun ce a wannan zama, domin wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba ya dawowa.

A fada, mai dafa shayi shi ne likitan farko. Idan ya rage sukarin buta kaɗan-kaɗan cikin wata guda, harshen kowa zai saba, mutum goma sun amfana da hannu ɗaya. A gida, maigida da uwargida su zauna su yi shawara. Maigida, idan likita ya ce ka rage, kada ka bar wa iyali nauyin tukunya biyu, kuma kada ka ga miya ba mai ka ce an raina ka. Idan ita ce ke ragewa, kai ne za ka tare mata baki wurin dangi, ka gaya wa Inna cewa umarnin likita ne, ba rashin kulawa ba. Ƴan'uwan da ke bida su ma a sa su ta WhatsApp, kowa ya aiko da saƙon murya ranar awo.

Za a yi tuntuɓe. Biki zai zo, suna zai zo, Sallar Layya za ta zo da soyayyen nama. Ku yi shiri tun kafin ranar: kwano ɗaya, ruwa maimakon lemu, washegari a fito tafiya. Wanda ya ɓace mako biyu, a je masa gaisuwa, ba tuhuma ba. Da azumi, a buɗe baki da dabino da ruwa da kunu marar zaƙi sosai, a rage soye-soye, a mayar da tafiya bayan Asham.

Inda ake taka tsantsan

Mai ciki da mai shayarwa ba sa shiga shirin rage nauyi sai da izinin ungozoma ko likita. Yara kuwa kada a taɓa rabonsu: jiharmu tana fama da tamowa, kuma a gida ɗaya ana iya samun uba mai teɓa da yaro mai rama. Kuɗin da aka rage na lemu da sukari a mayar da shi ƙwai da wake da nono ga yara. Mai shan maganin sukari ko allurar insulin ya ga likita kafin ya rage ci, don sukari na iya faɗuwa ya sumar da shi. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi a kan tafiya, a tsaya a nemi asibiti. Wanda ke ramewa ba da niyya ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari ko tari mai daɗewa, gwaji yake buƙata, ba barka ba.

A guji shayin ramewa da ake tallarsa a waya, da yawansa maganin zawo ne ko na fitsari. Haka ƙwayoyin ƙiba da ƴan mata ke saya wurin masu tallar magani, irin su deksametazon: kumburi suke sawa, su tayar da jini da sukari, su raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, ta je likita ya janye mata shi a hankali.

A wannan makon abu uku sun isa: a yanki igiya a auna, a je awon jini da sukari, a yi wa mutum uku magana a tsayar da ranar fita ta farko. Bayan wata uku a sake zagaya igiyar, a duba littafi, a sa sabon buri. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.