YADDA AKE YIN ZANE DA NARKAKKEN KIREYON

A ƙarshen kowane zangon karatu, ana share guntayen kireyon masu ɗimbin yawa daga azuzuwan makarantun firamare, a watsar da su a juji, don sun yi wa yatsun yara gajarta. Wannan kuwa asara ce, domin guntun da ba ya riƙuwa yana narkewa, narkakkensa kuma yana ba da zane mai ƙayatarwa. Sai dai aiki ne da ya haɗa yara da zafi, saboda haka wajibi ne iyaye da malamai su san ƙa'idarsa tukuna.

Asalin aikin

Zane da narkakken kaki tsohuwar sana'a ce. A yankin Fayum na ƙasar Masar an tono hotunan fuskokin mutane da aka zana a kan alluna tsakanin ƙarni na 1 da na 3 na Miladiyya, da yawa daga cikinsu da kakin zuma mai zafi wanda aka gauraya da garin launi. Har yau launinsu bai dusashe ba, domin kaki yana tsare launi daga danshi. Shi kuwa kireyon na makaranta ya bazu ne bayan da kamfanin Binney da Smith na Amurka ya fara sayar da Crayola a shekarar 1903, kala 8 a kwali ɗaya. Da kakin da ake tacewa daga ɗanyen man fetur ake yin sa, irin na kyandir, a zuba masa launi. Yakan fara laushi a wajen digiri 40 na ma'aunin santigireti, ya narke tsakanin digiri 50 da 65. Ke nan tun ruwa bai kai ga tafasa ba ya riga ya narke, ba ya bukatar harshen wuta ko kaɗan.

Kayan aiki

A tanadi guntayen kireyon, da kwali mai kauri, da farar takarda, da tsofaffin jaridu, da abin fiƙe fensiri, da dutsen guga. A jiƙa guntayen a ruwa na ɗan lokaci don takardar jikinsu ta saɓule, sa'an nan a bar su su bushe sarai.

Hanya ta farko: zafin rana

Wannan ita ta fi dacewa da ƙananan yara. A fiƙe kireyon, kowane launi a tara shi dabam. A zana siffar ganye ko kifi a kan kwali, a barbaɗa fiƙen a cikinta. Sai a ɗora kwalin a kan baƙin faranti, a ajiye a rana da tsakar rana. A lokacin bazara aikin kan yi sauri, amma da damina ko hunturu sai an yi haƙuri. In ya narke, a mai da shi inuwa ya daskare kafin a taɓa.

Hanya ta biyu: dutsen guga

A shimfiɗa jarida ninki da yawa a kan tebur. A barbaɗa fiƙen a rabin farar takarda, a naɗo ɗaya rabin a rufe, a ɗora wata jaridar a sama. Babban mutum ne kaɗai zai riƙe dutsen guga, mai ɗumi kawai, na lantarki ne ko na gawayi. Ya danna na 'yan daƙiƙu, ya ɗaga, kada ya goga. A buɗe takardar tun da ɗuminta, za a ga zane iri ɗaya dama da hagu, kamar fikafikan malam-buɗe-littafi.

A nan ne yaro ke koyon haɗa launi da idonsa: ja da rawaya su ba da ruwan goro, shuɗi da rawaya su ba da kore. In an haɗa launuka fiye da uku a wuri guda, sai su koma kamar taɓo.

Gargaɗi

Kada a kuskura a ɗora kireyon a gwangwani bisa murhu, ko a kanga shi a harshen kyandir, domin kaki in ya yi zafi ƙwarai yana kamawa da wuta. In har ya kama, kada a watsa masa ruwa, don zai fantsama ne wutar ta bazu. A kife shi da murfi ko a zuba masa yashi. In ya ɗiga a fatar yaro, a sa wurin a ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa manja ko man goge baki, in kuma ƙunar ta yi girma a garzaya asibiti. A yi aikin a wuri mai iska, a kuma wanke hannu kafin cin abinci.

Ana shawartar malamai su ajiye gwangwani guda a kowane aji, su umurci yara su riƙa jefa guntayensu a ciki tun daga makon farko na zango.