Kalmar Mako: "Pale"

Kalmarmu ta wannan mako ita ce "pale". Mun zaɓe ta ne saboda ta kayar da mu a gwajin Turanci. Malam ya rubuta "The girl looks pale" a allo, ya ce mu fassara. Da yawanmu muka rubuta "yarinyar fara ce". Ashe ma'anar ita ce yarinyar ta ɗashe.

"Pale" sifa ce. Ana faɗarta idan launin jikin mutum ya ɗashe saboda ciwo ko tsoro. Idan sunan abin ake so, wato ɗashewa, sai a ce "pallor". Misali: "The nurse noticed his pallor." Ana kuma amfani da ita a kan launin da bai yi duhu ba, kamar "pale blue", wato shuɗi mai haske. Mu kula kada mu rikita ta da "pail". Lafazinsu ɗaya ne, amma "pail" bokiti ne. 'Yan uwanmu na Ƙonni da ke karatu da Faransanci "pâle" suke cewa, domin daga Faransanci Turanci ya aro ta.

Amfanin kalmar nan ya wuce cin jarrabawa. Bature idan ya ɗashe, a fuska ake gani. Mu kuwa da muke baƙaƙe, ba kullum fuska ke nunawa ba. Shi ya sa ma'aikatan asibiti suke duba tafin hannu da harshe da cikin fatar ido ta ƙasa. Idan wuraren nan sun yi fari maimakon ja, alama ce ta ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro na kawo shi, musamman da damina. Haka ma tsutsar ciki da sikila da rashin abinci mai ƙara jini, irin su wake da zogale da hanta.

Don haka idan mun koma gida yau, mu duba tafin hannun ƙannenmu. Wanda muka ga ya ɗashe, ga kasala ko zazzaɓi, mu faɗa wa Inna ko Baba a kai shi asibiti da wuri.

Aikinmu: kowa ya rubuta jimla ɗaya da "pale", ɗaya da "pallor", ya kawo mana. Waɗanda suka fi kyau za mu liƙa su a nan mako mai zuwa.