Mari Ba Magani Ba Ne: Jan Hankali Ga Jama'ar Kauru

Ya ku jama'ar ƙasar Kauru, daga Geshere zuwa Damakasuwa, daga Kwassam zuwa Bakin Kogi, ku sani taɓin hankali ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana jin magani. Abin da ya sa muke kulle mai shi a ƙuryar ɗaki ba mugunta ba ce. Kunya ce, da nisan asibiti, da rashin kuɗi.

Ku dubi yadda abin ke faruwa. Saurayi ya daina barci, ya kama surutu shi kaɗai, ya ce ana kiran sunansa. Sai a ce iska ce, ko sammu. A kai shi wurin boka, a sayar da akuya. A kai shi gidan addu'a, a sayar da buhun masara. Ranar da ya ɗaga wa wani hannu, sai a kira maƙeri ya sa masa mari. Duk wanda ya taɓa ganin ƙafar da ta daɗe cikin mari ba ya mantawa: fatar idon sawu ta saɓule, an cusa tsumma tsakanin ƙarfe da nama, ƙuda na bin gyambon. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, cikin garin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu a ɗaure. Galibinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, don ba su san wata ƙofar ba.

To, ƙofar asibiti fa? Asibitin masu taɓin hankali na gwamnatin tarayya yana Barnawa a Kaduna. Akwai sashen wannan ciwo a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, akwai kuma a Jos. Manomin Chawai da zai kai ɗansa can sai ya biya kuɗin motar mutum uku, don mara lafiyar ba ya tafiya sai da masu riƙe shi, ga kuɗin kati, ga magani, ga abinci, ga gonar da aka bari. Bayan wata guda kuma a ce ya komo. Ƙwararrun likitocin wannan fanni a Najeriya duka ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Jiran a turo mana ɗayansu Kauru jiran gawon shanu ne.

Dabarar da ta fi ita ce a kawo maganin kusa. Tun 1991 Najeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, sai dai maganar ta tsaya a takarda. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa malaman asibiti da nas-nas gane ciwon damuwa, da farfaɗiya, da ruɗewar mai jego, da illar ƙwaya irin su taramol, su ba da magani, wanda ya fi ƙarfinsu su tura shi gaba. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, an kuma yi alkawarin ingantaccen ƙaramin asibiti a kowace. Idan a cikin namu akwai ma'aikaci ko da ɗaya da ya sami wannan horo, kuma akwai magani a kanta, yawancin tafiyar Barnawa ta faɗi.

Batun kuɗi kuwa, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya yake fitowa, shi ya sa ciwo ɗaya ke karya gida. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci da kula da marasa ƙarfi. Jihar nan kuma tana da hukumar KADCHMA mai tsarin taimakekeniya, wanda yake tamkar adashe: kowa ya zuba kaɗan yana da lafiya, wanda ciwo ya kama shi ne mai kwasa. Ku je ku yi rajista bayan girbi, lokacin da hannu ke da maiƙo. Ku tambayi ma'aikacin ƙarara waɗanne magunguna ne katin ya ɗauke muku, kuma ko na taɓin hankali na ciki. Gajiyayyu da marayu, dagatai da masu unguwa su tsaya a rubuta sunayensu cikin jerin marasa ƙarfin da za a kula da su, kada jerin ya cika da 'yan gidan masu faɗa-a-ji kamar yadda aka saba a rabon taki.

Doka ma ta canza. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Limamai da fastoci, ba a ce ku bar addu'a ba. Ku yi ta, sannan ku ce a wuce asibiti. Ku kuma sa ido kan waɗanda hare-hare da satar mutane suka taɓa a ƙauyukanmu. Matar da aka karɓo daga daji, take firgita da ƙarar babur, ba ta barci, ba ta cin abinci, tana bukatar fiye da "sai haƙuri".

Ga wanda aka riga aka ɗora wa magani: wani lokaci yakan kawo taurin wuya, ko rawar hannu, ko dalalar miyau. Kada ku zubar da shi ku ce ya ƙara ciwo. Ku koma wurin wanda ya rubuta, akwai yadda ake gyara shi, akwai kuma allurar wata-wata ga mai ƙin haɗiyar ƙwaya. Kada a daina sha don an ga sauƙi, sai likita ya ce a daina. A zaman kwamitin raya mazaɓa na gaba, ku tambayi shugaban asibitinku ko yana da ma'aikacin da aka horar kan wannan ciwo. In babu, a rubuta wa kansila da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, hakimi ya sa hannu.