Gane Tsuntsu Daga Sashen Jikinsa: Dabarar Tattara Sunayen Tsuntsaye a Unguwar Madabo

Tsakure

Wannan maƙala ta gabatar da wasan gane tsuntsu daga ɓangaren hotonsa a matsayin hanyar bincike. Manufarta ita ce nuna cewa Bahaushe yakan ɗauki siffa ɗaya tak ya raɗa wa tsuntsu suna da ita, saboda haka wasan na iya auna abin da ya saura na waɗannan sunaye a bakin mutanen birni.

1.0 Gabatarwa

Madabo tsohuwar unguwa ce a cikin birnin Kano, wadda tarihi ya danganta da malaman Wangarawa, ta kuma yi suna wajen karatun fiƙihun Malikiyya. An zaɓe ta ne domin a zaurukanta dattawa da matasa da almajiran da suka zo daga karkara suna haɗuwa a wuri ɗaya. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya taskace sunayen tsuntsaye masu yawa. Sai dai zaman kalma a ƙamus ba shi ne rayuwarta ba. Yaro na iya sanin kalmar gauraka alhali bai san kamannin mai sunan ba.

2.0 Suna a Matsayin Sashen Hoto

Wasu sunaye sun ginu a kan gaɓa ɗaya, kamar babba-da-jaka, wanda aka kira da jakar da ke reto a wuyansa. Wasu kuma ɗabi'a ce ta fito da su a karin magana da kirari: belbela ci da motsin wani, hankaka mai da ɗan wani naka. Alhudahuda kuwa aro ne daga Larabci. Mafarautan Hausa ma sun daɗe da sanin ƙarfin sashe ɗaya, domin sukan ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe, dabbobin dawa su ɗauka tsuntsun ne ke kiwo.

3.0 Tsarin Wasan

Mai bincike zai rufe hoton, ya bar gaɓa ɗaya a buɗe, ya riƙa ƙara buɗewa har a ambaci suna. Ya fi kyau a haɗa tsuntsaye biyu masu ruɗarwa:

Baƙi da fari: hankaka da shamuwa. Dogayen ƙafafu ne ke raba gardama, domin na shamuwa ne.

Lanƙwasasshen baki: burtu da cilakowa. Burtu baƙi ne ƙato mai tudu a saman baki, cilakowa kuwa ƙarama ce.

Tukku: gauraka da alhudahuda. Na gauraka tsinka-tsinka ne mai ruwan zinariya, na alhudahuda kuwa gashi ne mai buɗewa kamar mafici.

Abin rubutawa uku ne: sunan da aka faɗa, gaɓar da ta sa aka gane, da maganar da ta biyo baya. Amsar da ba ta dace ba ita ma hujja ce. Idan matashi ya kira shirwa da shaho, an ga inda ma'anar kalmomin biyu ta fara cakuɗewa.

4.0 Kammalawa

Gaggawar wannan aiki a fili take. An cike kududdufai da dama na cikin birni an yi gini a kansu, manyan itatuwan da shamuwa ke sheƙa a kai gabanin damina sun ragu. Ungulu, wadda da ba a rasa ta a mahauta, ta shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya tun 2015. Idan tsuntsu ya ɓace, karin maganar da aka gina a kansa zai zama sai an yi masa fassara. Ana shawartar sassan nazarin Hausa, musamman na Jami'ar Bayero, su fara gwada wannan dabara a Madabo tun dattawan da suka san tsuntsayen da idonsu suna raye.