Daga Difloma Zuwa Jami'a

Mai NCE ko difloma yana shiga jami'a ta hanyar shiga kai-tsaye ta JAMB, ya fara daga aji 2. Wani mutum daga Maitama, Abuja, ya tambaya ko takardar difloma tana cike gurbin lissafin da bai ci ba a sakandare.

Ba ta cikewa. Sharaɗin shiga kai-tsaye ya haɗa da kiredit 5 na sakandare, yawanci har da Ingilishi da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Maganin giɓin shi ne sake zana WAEC ko NECO kafin cike fom. Hukumar NUC da ke Maitama tana tsara mafi ƙarancin ma'aunin karatu, amma kowace jami'a tana iya ƙara nata sharaɗin.