Amsoshin Tambayoyinku: In Kamfani Ya Karye, Me Ya Sa Ba A Rufe Shi?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, Kano. Nakan ji a rediyo an ce wani kamfani a Turai ko Amurka ya karye, amma jiragensa na ta tashi, shagunansa a buɗe. Mu dai a kasuwa wanda ya karye ya karye. Wannan yaudara ce, ko kuwa dokarsu ce daban?

Amsa: Alhaji, doka ce, kuma yanzu har a Najeriya akwai irinta. A da idan bashi ya fi ƙarfin kamfani, kotu kan naɗa wanda zai yi gwanjon kadarorinsa, a raba wa masu bin bashi ɗan abin da aka samu. To amma injin masaƙa da aka kwance aka sayar wa 'yan gwangwan, kuɗinsa ba ya kama ƙafar darajarsa lokacin da yake aiki, ga ma'aikata sun rasa hanyar abinci. Wannan asara ce ta sa ƙasashe suka koma neman yadda za a ceci kamfani da ransa.

Amurka ce ta yi fice a nan, da Babi na 11 na dokarta ta 1978. Da zarar kamfani ya kai kansa kotu, kowane mai binsa bashi sai ya dakata: ba ƙwace kaya, ba kai ƙara. Shugabanninsa na nan kan kujerunsu har a cimma matsaya. Ta wannan ƙofa kamfanin motoci na General Motors ya shiga a 2009, cikin kwana 40 sabon kamfani ya fito.

Lokacin korona Birtaniya ta yi tata gyaran, a watan Yunin 2020, kuma kamfanin jirage na Virgin Atlantic ne ya fara cin moriyarta. Jamus da Holan suka bi sahu a Janairun 2021. Ga inda gizo ke saƙa a waɗannan sababbin dokoki. Ana kasa masu bin bashi rukuni-rukuni, kowane rukuni ya jefa ƙuri'a kan shirin rage bashin ko ɗaga lokacin biya. A Birtaniya, idan rukuni ɗaya mai haƙƙi na gaske ya amince, da rinjayen kashi 75 cikin 100 na kuɗin da yake bi, alƙali na iya tilasta wa sauran da suka ƙi, muddin ya gamsu cewa ba za su fi shan wahala ba a kan abin da zai same su in shirin ya rushe. Wato mutum na iya cewa bai yarda ba, a yafe wani ɓangare na kuɗinsa yana ji yana gani.

Masu wayo ba su yi sanya ba wajen amfani da wannan dama, shi ya sa kotuna suka fara taka musu birki. A Janairun 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta soke shirin kamfanin gidaje na Adler, don bai daidaita tsakanin masu binsa bashi ba. A watan Yunin shekarar kuma Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 5 da 4, ta yi watsi da shirin kamfanin magunguna na Purdue Pharma. Iyalan Sackler, masu kamfanin, sun so su ba da kusan dala biliyan 6 a rufe bakin duk mai son kai su ƙara, alhali su kansu ba su ayyana karaya ba. A ganina kotun ta yi daidai.

Indiya ta ɗauki wata hanyar a 2016: ana sauke shugabannin kamfanin, masu bin bashi su nemi mai saye, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 2019 ya ce kada a wuce kwana 330. A takarda ke nan. Jiragen Jet Airways sun daina tashi a 2019, amma sai a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ce a sayar da kadarorinsa.

A gida, dokar kamfanoni ta CAMA da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2020 ta kawo hanyar naɗa mai riƙon kamfani don a farfaɗo da shi, da hanyar sulhu tsakanin kamfani da masu binsa. Gana ma ta yi tata dokar a 2020, Nijar da Kamaru da Chadi kuwa suna bin dokar OHADA da aka sabunta a 2015.

Abin da ya shafe ka kai tsaye, Alhaji: bankin da ya riƙe jingina shi ke gaba wajen biya, wanda ya ba da kaya bashi bisa yarda yana can baya. Idan aka naɗa mai riƙo, ba ka da ikon kai ƙara sai da izininsa ko na kotu. Don haka in za ka ba kamfani kaya, a rubuta, a sa hannu, ka adana rasit. In ka ji ya shiga hannun mai riƙo, ka gabatar da takardunka da wuri, kuma ka halarci taron masu bin bashi, domin a can ake yanke nawa za ka samu.