Kiɗan Rakiya: Abokin Mai Koyon Jita

Darasin da kulob ɗinmu ya kawo muku a wannan makon ya shafi jita ne. Za mu duba yadda masu koyon kiɗan buluz da tsohon kiɗan rok suke horar da kansu su kaɗai a ɗaki, ba tare da ƙungiyar makaɗa ba. Abin da suke amfani da shi mun sa masa suna kiɗan rakiya.

Mene ne kiɗan rakiya?

Kiɗa ne da aka naɗa. A cikinsa akwai ganguna, da jitar bas mai kaurin murya, da wata jitar mai riƙe zubin waƙa, amma an bar gurbin jitar da ke jagora. Mai koyo zai kunna shi a waya ko kwamfuta, ya cike gurbin da abin da ya ƙirƙiro nan take. Dabarar ta daɗe. Tun 1950 aka kafa kamfanin Music Minus One a Amurka, mai buga faifan da aka cire kayan kiɗa ɗaya daga ciki. Yau irin wannan kiɗa yana nan birjik a YouTube.

Daga ina buluz ya fito?

Baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne suka ƙirƙiro shi, wato jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Jihar Misisifi ta yi fice a kansa, kuma a can aka haifi gwanin jita B.B. King a 1925. Daga buluz kiɗan rok ya ɗauki zubinsa. Waƙar Chuck Berry mai suna Johnny B. Goode ta 1958, da Rock and Roll ta ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila ta 1971, duk a kan zubin gaɓa 12 na buluz aka gina su.

Zubin gaɓa 12

Nan ne zuciyar darasin. Gaɓa ɗaya bugu huɗu ce: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kod kuwa sautuka ne uku ko fiye da ake kaɗawa tare, kuma da haruffa ake kiransu. Idan kiɗan rakiyar a gidan A yake, kod uku kawai za mu ji, a jere kamar haka:

Gaɓa ta 1 zuwa ta 4: A
Gaɓa ta 5 da ta 6: D
Gaɓa ta 7 da ta 8: A
Gaɓa ta 9: E
Gaɓa ta 10: D
Gaɓa ta 11 da ta 12: A

Da an kai ƙarshe sai a koma farko. Gaɓa 12 sau bugu 4 ya ba mu bugu 48. Idan saurin kiɗan bugu 60 ne a minti ɗaya, zagaye ɗaya zai ɗauki daƙiƙa 48. Ashe lissafi bai tsaya a aji ba!

Waɗanne sautuka za a kaɗa?

Masu koyo kan fara da sautuka biyar: A, C, D, E da G. A wuyan jita akwai sandunan ƙarfe a gicciye da suka raba shi gida-gida. A tsirkiyar da ta fi kauri, gida na 5 shi ne A, na 8 kuma C. A tsirkiya ta gaba, gida na 5 D ne, na 7 kuma E. A ta gaba da ita, gida na 5 shi ne G. Da waɗannan biyar kaɗai manyan makaɗa suka yi abin mamaki.

Matakan atisaye

1. A ajiye jitar tukuna. A saurari kiɗan, a ƙirga gaɓoɓi da tafi har kunne ya gane lokacin da kod yake canzawa.
2. A zaɓi kiɗa mai tafiya a hankali. Da rarrafe yaro kan tashi.
3. A fara da sautuka uku kawai, ana jujjuya su.
4. A yi kira da amsa: a kaɗa gaɓa biyu, a yi shiru gaɓa biyu. B.B. King yakan rera baiti, sannan ya amsa wa kansa da jitarsa mai suna Lucille. Mu da muka saba jin mawaƙi da 'yan amshinsa ba za mu sha wahalar gane wannan ba.
5. Idan aka shiga gaɓa ta 5, a yi ƙoƙarin sauka a kan sautin D. A ta 9 kuma a sauka a kan E. Haka ake nuna cewa ana tare da sauran makaɗa.
6. A naɗi abin da aka kaɗa, a saurara daga baya. Waya ba ta san kara ba, za ta faɗi gaskiya.

Me ya sa wannan yake da muhimmanci?

Wasu suna ɗauka ƙirƙirar kiɗa nan take shi ne mutum ya kaɗa duk abin da ya ga dama. Wanda ya saba kaɗa jita shi kaɗai yakan yi sauri a inda ya iya, ya yi jinkiri a inda ya yi masa wuya, bai ma sani ba. Ranar da ya shiga cikin makaɗa sai ya ɓace. Kiɗan rakiya ba ya jiran kowa, don haka yake koya wa mutum riƙe lokaci da sauraron wasu. Sai dai yana da iyaka: kai kana jin sa, shi ba ya jin ka. Saboda haka wanda ya ƙware da shi ya nemi abokai su kaɗa tare.

Kada rashin jita ya karya wa kowa gwiwa. Mdou Moctar, ɗan Nijar da ke zagaya duniya da jitarsa a yau, da kansa ya ƙera ta farko da katako da wayar birkin keke. Matakin farko na darasinmu kuwa tafi kawai yake buƙata.

Tambayar mako: idan saurin kiɗa bugu 96 ne a minti ɗaya, daƙiƙa nawa zagayen gaɓa 12 zai ɗauka? A kawo amsa ga kulob kafin ranar Juma'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga wakilin kulob ɗin 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.